Wasim Akram ko Sachin Tendulkar?

Malam, kana tambaya wa ya fi tasiri a kurket na yini ɗaya, mai jifa Wasim Akram na Pakistan ko mai duka Sachin Tendulkar na Indiya. Ni dai Tendulkar zan ɗauka. Doka ta ƙayyade wa mai jifa ƙwallo 60 kacal cikin 300, shi kuwa mai duka yana iya tsayawa har ƙarshe muddin ba a fitar da shi ba. Da haka Tendulkar ya tara maki 18,426 a duk wasanninsa na yini ɗaya.

Amma in wasan ƙarshe ne, a ba ni Akram. Na sha kallon na Kofin Duniya na 1992 a Melbourne: da jifa biyu a jere, ƙwallo na lanƙwasa a iska, ya fitar da 'yan wasan Ingila Allan Lamb da Chris Lewis, Ingila ba ta sake farfaɗowa ba.