Folda tana nan, amma ba ta bayyana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da folda a filas ɗina mai ɗauke da takardun aikina. Yanzu in na buɗe shi a Windows ba na ganinta, amma wurin da ta ci bai ragu ba. Da na so in buɗe sabuwa da sunanta, sai kwamfutar ta ce akwai mai wannan sunan. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Don Allah kada ka yi wa filas ɗin fomat, kada kuma ka ƙara zuba masa komai. Tunda kwamfutar ta hana ka sunan, foldar tana nan, galibi ɓoye ta aka yi.

Windows yana sa wa folda alamomi. H na nufin a ɓoye ta, S kuma na nufin ta tsarin kwamfutar ce. Ƙwayar cutar da ke bin filas takan liƙa duka biyun, sannan ta ajiye gajeriyar hanya (shortcut) mai sunan foldar. Kada ka danna wannan, ita ce tarkon. Saboda alamar S ɗin ne kunna Hidden items (zaɓin nuna ɓoyayyun abubuwa a Windows) kaɗai ba ya fito da ita.

Fara wanke filas ɗin da manhajar kashe ƙwayoyin cuta, in ba haka ba za a sake ɓoye ta. Sai ka buɗe cmd (tagar rubuta umarni ta Windows), ka rubuta dir /a E:\ (ka sa harafin filas ɗinka a madadin E). In sunan ya fito, rubuta:

attrib -h -s -r /s /d E:\*.*

Kula da /d ɗin nan, shi aka fi mantawa. Ba tare da shi ba, umarnin fayiloli kawai zai taɓa, ya bar foldoji a ɓoye. In ka ga wata folda marar suna, leƙa cikinta, wani lokacin nan ake kwashe kayan a zuba.



In dir /a bai nuna ta ba, ina zargin rajistar fayilolin filas ɗin ce ta lalace, galibi saboda fizge shi ana cikin kwafi. Rubuta cikakken adireshin foldar a saman tagar da kake buɗe foldoji, in ta buɗe ka kwashe takardunka zuwa kwamfuta tukuna. Bayan haka ne za ka sa chkdsk E: /f a cmd don gyara filas ɗin, domin yakan mayar da abin da ya tsinto gutsattsari a cikin wata folda mai suna FOUND.000, sunayensu na asali sun ɓace.