Baƙo mai sabon asusu ya turo hoton katin shaida: in ba shi lakile?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗakuna biyu masu kaya a Sabon Gari, nan Damagaram, ina ba da hayar kwanaki ta manhajar Airbnb. Wani ya nemi mako guda. Asusunsa sabo ne, ba hoto, ba wanda ya taɓa rubuta shaida a kansa. Ya ce ɗan kasuwa ne daga Kano, amma ƙaninsa ne zai sauka. Ya turo hoton katinsa na shaida ta WhatsApp, ya ce mu bar manhajar ya biya ni kai tsaye. Ni da ƴaƴana muke zaune a gidan, hankalina bai kwanta ba. Daga wata Hajiya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki karɓa. Sabon asusu kaɗai bai isa a ƙi mutum ba, kowa da haka ya fara, har injiniyan da ya zo aiki matatar mai ta SORAZ ko uban da ya rako ɗansa Jami'ar André Salifou. Abin da ya ɓata nasa biyu ne. Mai asusun ba shi zai kwana ba, kuma dokar Airbnb ba ta yarda mutum ya kama wa wani wuri alhali shi ba ya cikin masu sauka. Sannan yana son a biya a waje, wanda hakan ke raba ki da kariyar kamfanin idan aka fasa miki talabijin ko aka kwashe kaya. Kina da awa 24 ki amsa buƙata, sai ki ƙi cikin ladabi.

Amma hoton katin nan shi ne abin da ya ishe ni. Kusan kullum sai mai gida ya ce mini, "Ai ya turo kati." To sai me? Hoton kati yana nuna cewa akwai wani kati a duniya, bai nuna cewa mai yi miki magana shi ne mai shi ba. Katunan da suka ɓata a tasha, da waɗanda aka bari wurin masu fotokofi, da waɗanda mutane suka tura wa ƴan damfarar neman aiki, duk suna yawo a wayoyi. Yaron da ya iya waya zai sauya suna da fuska kafin shayi ya tafasa. Ranar da abu ya faru kika kai hoton kwamisariya, wani bawan Allah da bai taɓa taka Damagaram ba za a je nema, ke kuma a tambaye ki wa kika saukar. Haka hoton resin tura kuɗi: in ba ki ga kuɗin a asusunki ba, ko kin karɓa a hannu a gishen Nita ko Amana, ba a biya ki ba. Wanda ya ce ya tura fiye da ƙima bisa kuskure, ki maido masa ragowar, ɓarawo ne.

Ƴan kamashon da ke cewa "na san shi" kuwa, ki tambaye su sunan unguwar baƙon da sana'ar ubansa, za ki ji shiru. Kamashonsu suke nema.

Nan gaba ki tambayi baƙo cikin manhaja: me ya kawo shi, su nawa ne, wa ya sani a gari. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ki kira shi ta bidiyo. Ranar isowa ya zo da rana, a zaure, gaban maigidanki ko wani namiji babba, ya miƙa ainihin katin ko fasfo, a dubi fuskarsa, a rubuta suna da lamba da ranar tafiya a rajista. Ki je kwamisariyar unguwarku ki ji yadda suke son a riƙa kai musu bayanin baƙi, ki kuma sanar da mai unguwa cewa kina saukar da mutane. Sai bayan nan a ba da lakile.