Abin da ya sa ake barin rago ya huta kafin a yanka shi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka yanka ragunan Sawakni, wato ragunan Sudan, da aka sauke mana jiya daga Jidda, alhali masu saye suna tsaye, da kuma abin da ke sa naman dabbar da ta wahala ya yi duhu.

Idan ka feɗe rago, kana ganin tsoka, da farar jijiya mai ɗaure ta ga ƙashi, da kitse, wanda shi ne ajiyar ƙarfi ta dogon zango. Akwai kuma wata ajiya da ido ba ya gani, wani nau'in sukari da likitocin dabbobi ke kira gilaikojin, wanda jiki ke tarawa a hanta da cikin tsoka saboda buƙatar gaggawa. Muddin dabba tana numfashi, jini yana kai iska daga huhu zuwa tsoka, sukari yana ƙonewa, ƙarfi yana samuwa. Bayan yanka kuwa, tsoka ba ta mutuwa nan take, shi ya sa kake ganin nama yana motsi a jikin ƙugiya. Tana ci gaba da cin sukarin ba tare da iska ba, kuma abin da ke fitowa daga wannan tsami ne, wanda cikin awa 24 yake sauko da naman daga wajen 7 zuwa wajen 5.5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru. Wannan tsamin ne ke ba nama launi ja mai haske, ya kuma rage wa ƙwayoyin cuta saurin yaɗuwa. Idan ƙarfin ya ƙare sai naman ya sandare, ba ya kuma yin laushi sai ya yi kwanaki a ɗakin sanyi.

To, ragon da aka ɗora wa jirgin ruwa a Suwakin, tashar ruwa ta Sudan, ya tsallako Bahar Maliya cikin cunkoso da tsoro, sannan ya sha zafin mota har Makka, ya riga ya cinye ajiyar sukarin tun yana raye. Tsami ba ya taruwa, ma'aunin yana tsayawa sama da 6, naman ya yi duhu da tauri. Danna shi da yatsa, za ka ji yana danƙo. A zafin ƙasar nan irinsa ne ke fara wari, kuma ni ba na yarda in miƙa wa mutum shi.

Ka kai su inuwa, ka ba su ruwa da ciyawar barsim, kada ka doke su ko ka ja su ta ƙafa. Ajiyar nan tana ɗaukar kwanaki kafin ta dawo, saboda haka ka ba masu saye haƙuri, ka yanka musu na tsohon garke.