Ɗan Kama, Tashe da Gaɗa: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wani mai karatu daga unguwar Fagge ya rubuto cewa ya halarci wani biki inda wani matashi ya rera waƙoƙin marigayi Alhaji Mamman Shata da murya irin tasa sak, makaɗan kalangu da 'yan amshi suna biye da shi, sai ya ji wani dattijo yana cewa ai wannan ɗan kama ne. Yana son ya san ko sunan ya dace, kuma ko karin maganar nan da ke cewa "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi" ba ta rushe sana'ar irin waɗannan mutane ba.

Malam, tare da girmamawa ga dattijon, sunan bai dace ba. Wanda ya ɗauko waƙar wani ya rera ta yadda mai ita ya bar ta, bai ƙara ba bai rage ba, mai kwaikwayo ne, kuma tun da Shata ya rasu a 1999 masu kwaikwayonsa ba su yanke ba a wuraren bukukuwa. Kamanci kuwa sana'a ce ta daban, tsohuwa a ƙasar Hausa. Ɗan kama yakan ɗauki karin waƙar da kowa ya sani, ya zubar da kalmominta, ya cusa nasa, kuma nasa kusan kullum zancen ciki ne: tuwo, fura, nama, da ƙorafin yunwa. Inda makaɗin fada ya wasa sarki da jarunta, shi sai ya wasa malmala da wannan murya da wannan nauyi, har ma yakan ari salon malamai na jan baƙi da fassara ya yi wa akushi sharhi. Abin dariyar yana cikin tazarar da ke tsakanin girman karin da ƙanƙantar abin da ake yaba.

Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, shi ya sa "kama" ta damƙe abu da "kama" ta kamanni suke fitowa iri ɗaya a takarda, alhali baki yana bambanta su: ta farko tana da dogon wasali a gaɓar farko, ta biyu gajere. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana sa alamomin da ke raba irin waɗannan tagwaye. A ganina ta kamanni ce ta fi dacewa da aikin ɗan kama, domin abin da yake sayarwa ke nan, ya yi kama da wane ba tare da ya zama wane ba, kuma Hausawa sun riga sun ce "kama da wane ba ta wane".

Karin maganar da ka kawo kuwa ba a kan mawaƙa aka fi amfani da ita ba. Ana faɗinta ne idan ana so a ji labari daga bakin wanda abin ya shafa, maimakon ɗan aike ko mai ji-ta-ji-ta. In ma an ɗauke ta a zahirinta, mai kwaikwayo take taɓawa, domin shi ne ake auna shi da mai waƙar, kuma da wuya ya yi rinjaye. Ɗan kama ba ta same shi ba, tun da bai taɓa cewa tasa ta fi daɗi ba. Hasali ma da daɗin ta asalin yake cin abinci, domin wanda bai san waƙar farko ba zai tsaya yana kallon jama'a suna dariya bai san dalili ba.

Wata malamar makaranta daga Gwammaja ta tambayi asalin kalmar "tashe", da kuma dalilin da ya sa ake haɗa ta da gwauro.

Malama, kalmar daga "tashi" take, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa wasan ya samo asali ne daga tashin mutane domin sahur. Gwauro ba shi da matar da za ta tashe shi, saboda haka matasan unguwa suka ɗauki nauyin tashinsa da kiɗa da zolaya. Ana fara tashe bayan azumi ya kai kwana 10, yara maza da mata suna bin gidaje da dare ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Kayan kiɗansu abin da hannu ya samu ne, gwangwani ko ƙwarya ko tafi, kuma kusan kowane wasa kwaikwayon wani ne, ko tsoho mai gemun auduga, ko malami da allonsa, ko mai magani da tarkacensa. A nan birnin Kano shugaban wannan sha'ani na gwagware shi ne Nalako, wanda tashensa yakan kai har gidan Sarki. Sai dai a kula da abin da yara kan cakuɗa: gwauro shi ne wanda ya taɓa aure amma yanzu ba shi da mata, tuzuru kuwa wanda ya isa aure har ya wuce bai taɓa yi ba.

Wani ɗalibi kuma ya ce ya ga an rubuta "kiɗan gaɗa" a wani wuri, yana tambaya ko daidai ne. Abin da aka saba ji shi ne "wasan gaɗa" da "waƙoƙin gaɗa", domin gaɗa ba ta buƙatar ganga. 'Yan mata ne suke tsayawa a dandali suna tafi, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amsawa, wadda layi ya zo kanta ta faɗo da baya su cafe ta su ɗaga. Tafin shi ne ke riƙe da karin waƙar. Tambayarsa ta biyu, wato ko "kiɗi" kuskure ne, amsarta ita ce ba kuskure ba ne, bambancin karin harshe ne: Kanawa suna cewa "kiɗa", mutanen Sakkwato da Zamfara suna cewa "kiɗi", kuma daidaitacciyar Hausa ta ɗauki ta Kano.