Mutane suna fasa sauke manhajata, me zan gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa manhaja na ɗora a shafina. Masu shigowa suna da yawa, amma kaɗan ne ke saukewa, su ma ɗin Windows yana yi musu gargaɗi. Wani ya ce in rubuta musu su kashe antibairos kafin su sauke. Ina tsoron wahalata ta tashi a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gyaran shafin ba wuya. Maɓallin saukewa ɗaya ya isa, a sama, inda ido zai fara sauka. Shafin ya gane na'urar baƙo, Windows ce ko Mac ko Android, ya miƙa masa fayil ɗin da ya dace, sauran nau'o'in su koma ƙasa. Ka rubuta sigar manhajar da girman fayil kusa da maɓallin. Kada ka tilasta rajista, kuma ka kori duk tallan da ya yi kama da maɓallin saukewa. Fayil ɗin ya fito ta HTTPS, wato amintacciyar hanyar sadarwa tsakanin shafi da burauza, domin Chrome yana toshe wanda ba haka ba idan shafin kansa mai tsaro ne. Sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da fayil ɗin, ta kuma yarda a ci gaba daga inda intanet ta yanke.

Shawarar kashe antibairos kuwa, don Allah ka jefar da ita. Kullum sai na ci karo da ita, kuma masu ba da ita ba su san ɓarnar da suke yi ba. Wannan ita ce ainihin maganar da ɓarayin bayanai ke rubutawa a shafukansu. Idan kai mai gaskiya ka koya wa mutum cewa gargaɗi abin tsallakewa ne, gobe mugu ya kwaikwayi shafinka, ya ɗora gurɓataccen fayil da sunan manhajarka, mutumin nan zai kashe kariyarsa da hannunsa, tunda kai ka saba masa. Wa zai zarga idan aka kwashe masa kalmomin sirri? Kai.

Gargaɗin nan ma ba ƙiyayya ba ce. SmartScreen, wato sashen kariya na Windows da ke fitar da gargaɗin, bai san ka ba, bai san fayil ɗinka ba. Maganinsa sa hannu na dijital: ka sayi takardar shaida daga hukumar da aka amince da ita, ka sa wa kowace siga hannu. Na san akwai ɗawainiya, musamman tun watan Yunin 2023 da aka wajabta ajiye mabuɗin sirrin da ake sa hannun da shi a na'ura ta musamman ko sabar mai irin wannan kariya. Ko ka sa hannun, gargaɗin yana iya daɗewa kafin sunanka ya samu karɓuwa. A Mac kuma, tun sigar macOS mai suna Catalina a 2019, sai Apple ya tantance manhajar.

Idan antibairos ya kama fayil ɗinka bisa kuskure, ka tura wa kamfaninsa ya bincika, Microsoft ma yana da shafin karɓar irin wannan ƙorafi. In kuɗin takardar ya fi ƙarfinka a yanzu, ka ɗora manhajar a Microsoft Store, maɓallin shafinka ya riƙa kai mutane can.