Farantin tura ƙasa na tsayawa a rabi

Malam, ka ce farantin da ke turo ƙasa daga kwandon katafilarka yana tsayawa a rabi in ka sa otomatik, amma da hannu yana tafiya. To, da alama matsalar wutar lantarki ce, kar ka taɓa famfon man haidurolik (man da ke tura farantin) tukuna. Duba na'urar da ke gane inda farantin ya kai, da wayarta.

A nan Damagaram ƙurar hunturu kan cika soket ɗinta, jar ƙasa ta daskare a kai. Gogewa kaɗai takan isa. Amma in da hannu ma ƙarfinsa na raguwa bayan mai ya yi zafi, mai yiwuwa robar cikin silindar da ke tura farantin ce ke yoyo. Don Allah kafin ka shiga kwandon, ajiye shi ƙasa, kashe inji, ka sauke matsin mai.