Tambaya da Amsa: Ƙauyen Cook na Ostareliya

Tambaya: Wai da gaske akwai ƙauyen layin dogo a Ostareliya da mutanensa ba su kai 10 ba?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. Sunansa Cook, can tsakiyar filin Nullarbor inda bishiya ke wuyar gani. An kafa shi a 1917, aka sa masa sunan tsohon firaminista Joseph Cook. Layin nan ya miƙe sambal kilomita 478, babu lanƙwasa. Da har makaranta da asibiti gare shi. Amma garin da albashin jirgi kaɗai ya riƙe, abin tausayi, da aka sayar wa 'yan kasuwa harkar a 1997 sai ya watse. A 2009 mutum 4 suka rage, suna hidimar jiragen da ke tsayawa shan mai.